Maganin da Gwaggo Dije Ta Ƙulle a Haɓar Zane

Azumin bana ya same mu a tsakiyar bazara, irin zafin da za ka watsa ruwa a tsakar gida, kafin ka ɗauko tsintsiya wurin ya bushe. Ranar goma ga wata aka tara mu a ɗakin taro na asibitinmu, nas-nas da masu ba da magani da masu shara, kowa leɓe a bushe, aka ce takarda ta zo daga sama. Sabbin ƙa'idoji ne na kiyaye lafiyar majinyata. Yaran da nake aiki da su suka ɓata rai tun ba a buɗe ta ba, don a saninsu duk takardar da ta zo daga sama ƙarin aiki ce. Ni ma da wannan zuciyar na zauna, ina fifita da murfin kwali.

Aka fara karantawa. Duk wanda aka kwantar a ɗaura masa abin hannu mai ɗauke da sunansa. Magani mai haɗari sai mutum biyu sun duba kafin a bayar. Wanda ya yi kuskure ya faɗa da wuri, ba za a ci masa mutunci ba. Ina ta gyaɗa kai, rabi barci. Sai aka zo kan wata ƙa'ida: kada ma'aikaci ya sa hannu a takardar gado cewa an sha magani sai ya ga an haɗiye da idonsa. Kuma a watan azumi a tambayi kowane majinyaci ko yana azumi, a rubuta, a sanar da likita ya gyara lokacin shan maganin.

Ban san sa'ad da na miƙe na fara tafi ba. Ni kaɗai, mace mai jika huɗu, saura shekara biyu in ajiye aiki. Kowa ya juyo, sannan aka fashe da dariya.

"Hajiya, lahiya?" in ji wata ƙaramar nas da ke kusa da ni.

"Lahiya lau," na ce. "Shekara talatin da 'yan kai nike jiran takardag ga."

Azumi yana zagayawa, kuma rabon da ya faɗo cikin wannan zafin tun shekarata ta farko a aiki. A lokacin an turo ni wani ƙaramin asibiti a ƙasar Bagudo, kusa da iyakar Benin, ina da takardar makaranta sabuwa fil da farin kaya guda biyu, ina jin babu wanda ya kai ni iya aiki. Rabin masu zuwa wurinmu daga tsallaken iyaka suke, Dandawa da Fulani da Hausawa, wasu a kan jaki, wasu a amalanke. Ba mu tambayar mutum ƙasarsa, inda ke masa ciwo muke tambaya. Likita ɗaya ne yake zagaya asibitoci da yawa, yana leƙo mu Talata da Juma'a a kan babur. Sauran kwanaki komai yana hannun incajinmu, Malam Labbo, dattijo siriri mai magana ƙasa-ƙasa wanda ya yi aikin jinya tun kafin a yaye ni. Ɗakin mata gado goma sha biyu ne, abokiyar aikina ta tafi haihuwa, ya zama nawa ni kaɗai.

Daminar da ta gabata ba ta yi kirki ba. Gero ya yi wuya, kunun shan ruwa ya zama tsararo, har kana iya hango gindin kwano ta cikinsa. Gulbin Kwara ya janye ya bar yashi fari fat. Famfon asibiti ya daɗe da mutuwa, rijiya kuwa sai da aka ƙulla igiya uku kafin guga ya taɓa ruwa. Da an sallame sallar asuba muke layi a bakinta, masu jinya da ma'aikata, kowa ya ja guga goma don randunan ɗakuna kafin ya ɗebi nasa. Zuwa hantsi kwanon rufi ya fara ƙas-ƙas. Zuwa azahar ba mai motsi, ƙadangaru ma baki buɗe suke a inuwa. Muna jiƙa tsofaffin zannuwa mu rataya a taga, iska ta biyo ta cikinsu ta ɗan yi sanyi, kafin ka zagaya ɗakin na farkon ya bushe ƙayau. Yau muna da sola da fanka, da firjin da yara ke ɓoye ƙanƙararsu a bayan kwalaben allura ina kama su ina faɗa. A wancan lokacin sanyinmu duka yana cikin tulu ɗaya da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu.

Amma ba zan ce ba mu ji daɗi ba. Da la'asar masu jinya kan taru a gindin dogon yaro su haɗa tukunya ɗaya. Mai albasa daga fadama ta kawo, mai tsamiya ta kawo, Bafulatana ta zubo ɗan nono, wadda ba ta da komai ta yi daka ko ta nemo itace. Ana yi da Hausa, ana yi da Dandanci da Fulatanci, ana tsokanar juna kan wa ya fi iya dama kunu. Ni kuwa nakan tsaya a ƙofa ina shaƙar ƙamshin, cikina yana ƙugi.

Cikin wannan hali aka kawo mana Gwaggo Dije. Tsohuwa ce mai sayar da bandar kifi, daga wani ƙauye na tsallaken iyaka, tana shigowa duk ranar kasuwa. Ta faɗi a gaban kwandonta da ciwon kai da haɓo, bakinta ya ɗan karkace na ɗan lokaci sannan ya dawo daidai. 'Yarta Lantana, matar aure mai 'ya'ya, ita ta zauna jinyarta. Da Malam Labbo ya auna jininta sai ya sake aunawa, ya dube ni. Likita ya zo ya faɗa mana a fili: hawan jini ne mai tsanani, in bai sauka ba ko ɓarin jikinta ya shanye ko a rasa ta gaba ɗaya. Ya rubuta mata ƙwayar magani 'yar rawaya, sau uku a rana, takwas na safe, biyu na rana, takwas na dare.

Ita kuwa Gwaggo ba ta ga abin kwanciya ba. Kwana biyu ta mallake ɗakin. Ita ke raba faɗa, ita ke cewa a buɗe taga ko a rufe, sauran kifinta duk ta sa an zuba a tukunyar gindin dogon yaro, miya ta yi daɗin da ba ta taɓa yi ba. Sunana Hassi, amma ita ɗiyata take kira na, tana yi mini tsiya wai ina tafiya kamar ana kora ta.

"Ɗiyata, wa ka bin ki? Zamna ki huta, majinyatan ga ba su gudu."

Gara in faɗi laifina tun yanzu. Rabon maganin takwas na dare ya tsaye mini a rai. Mutum ya sha ruwa, jiki ya mutu, sannan ya sake sa farin kaya ya dawo, ya rasa sallar asham. Sai na je wa Malam Labbo da dabara: mu dawo da shi ƙarfe biyar na yamma har a gama azumi, in gama rabo in wuce kwatas in dama kununa, mai shara ta kula da ɗaki, in wani abu ya taso ta kira mu. Ya shafa gemu, ya ce to, awa uku ba za su kashe kowa ba. Na fito ina jin kaina mai wayo. Ko kusa ban lura ba cewa na tattara duka lokutan shan magani na zuba su tsakanin fitowar rana da faɗuwarta. Kuma ban taɓa tambayar ko mutum ɗaya a ɗakin nan ko tana azumi ba. A kaina majinyaci ba ya azumi, haka aka koya mana, shi ke nan.

Rabon magani kuwa na iya shi da sauri. In zo da tire, in sa ƙwaya a tafin hannu, a ce Allah shi yi albarka, in ja layi a takardar gado in wuce. Gado goma sha biyu a minti goma. Har yabo na sha kan haka.

Sai dai jinin Gwaggo ya ƙi sauka. Kullum in naɗa mata abin awo in matsa, in saurara, lambar tana nan inda take, wata rana ma ta ƙara. Likita ya duba takardar gado ya ga layukana reras, babu fashi ko ɗaya, ya ce to maganin ne ya yi mata kaɗan, ya mayar da shi biyu-biyu. Mako ya zagayo, babu canji. Ranar Talata ta biyu ya ajiye biro ya ce wa Lantana in zuwa Juma'a bai sauka ba, zai tura su babban asibiti a Birnin Kebbi. Na ga fuskar Gwaggo ta sauya. A ƙauyensu, in aka ce an wuce da tsoho Birni, makoki ake fara shiryawa. Ranar ba ta tsokane ni ba, ta juya fuska bango.

Kashegari Laraba, tun safe zafin ya sake kama. Iska ta tsaya cik, gumi yana tsatsowa ba ya bushewa. Tsofaffin ɗakin suka ce wannan zafin na hadari ne, na yi musu dariya, don mun sha jin haka. Na gama rabon ƙarfe biyar, ina wanke tire zan tafi, sai na ji guɗa daga gindin dogon yaro. Na leƙa. Gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama, walƙiya tana tsaga ta. Wata iska mai sanyi ta bugo, ta zo da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wani wurin da aka riga aka yi ruwa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Asibiti ya kacame. A kwashe shanya, a sauke tukunya, a kama akuyar mai gadi da ta tsinke. Duk mai bokiti ko kwano ko tasa ya fito da ita ya jera a ƙarƙashin indararo. Mai shara tana ihu a bar na farko ya wuce, ya wanke rufin tukuna. Sannan ruwan ya sauko, ba yayyafi ba, ruwa na gaske, yana dukan kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai. Matan da suka yi mako ba su tashi zaune ba suka miƙe suna leƙen taga. Wata mai ciwon ƙafa ta miƙa hannu waje ta shafa a fuska tana hamdala, tana lissafa irin gyaɗar da mijinta zai shuka. Rufinmu ya fara yoyo a kan gado na huɗu da na bakwai, muka yi ta jan gadaje muna dariya, ƙafafu cikin ruwa. Hanyar kwatas ta zama rafi, don haka ranar, a karon farko tun shigowar azumi, magariba ta same ni a cikin ɗakin mata.

Kiran salla ma da ƙyar muka jiyo shi. Muka sha ruwa da ruwan sama, mai sanyi har cikin haƙori. Ban taɓa shan abin da ya kai shi daɗi ba, kuma na sha ƙanƙara iri-iri tun daga lokacin. Aka zagaya da kunu. Ina tsaye da moɗa a hannu sai Lantana ta matso, fuskarta cike da murna.

"Malama, gobe ki auna Inna ki ga abin mamaki. Ba mu zuwa Birni, in Allah ya so. Ta rama maganinta duka."

"Wane irin rama?"

"Wanda ta aje mana. Ai tun randa munka zo azumi takai. In kin ba ta, sai ta ƙulle ga haɓar zane. In an sha ruwa ta sha guda, sauran tac ce sai bayan Salla ta rama su kamar yadda aka rama azumi. To jiya da likita yac ce Birni, tac ce ba ta jiran Salla."

"Nawa tas sha?"

"Ban ƙirga ba, amma sun cika tahin hannu. Yanzun nan ta kora su da kunu."

Moɗar ta faɗi daga hannuna. Na juya, ga Gwaggo zaune a kan gadonta tana suɗe ludayi, ga haɓar zanenta a kwance, duk ta rine da rawaya. Ta yi mini murmushi irin na wanda ya sauke nauyi.

Na fita da gudu babu mayafi, babu takalmi. Malam Labbo yana ɗan masallacin bakin ƙofa, suna raka'ar ƙarshe. Ni da ko gaban masallacin ban taɓa bi ba sai na rage murya, na tsaya a bakin ƙofa cikin ruwa ina kwarara masa kira. Yana sallamewa ya fito, na faɗa masa a numfashi ɗaya. Bai tambaye ni yadda aka yi ba.

"Minti nawa?"

"Ba su kai goma ba, Malam."

"Alhamdu lillahi. Suna ciki ba su narke ba. Hassi, ɗauko robar wankin ciki da mazurari, a kawo ruwa mai tsabta, da yawa. Yi maza!"

Ban taɓa ganin dattijon nan yana gudu ba sai ranar. Muka kwantar da Gwaggo a gefenta, Lantana ta riƙe kai, mai shara da wata mai jinya suka danne hannuwa. Da ta gane abin da za a yi mata, sai ta fara kokawa, tana zaginmu da Dandanci, wai ta yi abin kirki za mu ɓata mata. Malam ya zura robar a hankali yana lallashinta, ya ɗaga mazurari na zuba ruwa, ya sauke shi cikin tasa. Na farko kunu ne zalla. Na biyu kunu da rawaya-rawaya. Na uku sai ga gutsattsarin ƙwayoyin suna fitowa, wasu ko rabi ba su narke ba.

"Ga su nan!" in ji mai shara. "Wallahi ga su nan!"

Duk ɗakin ya ɗauka. Wadda ke riƙe da fitila ta matso, masu iya tashi suka kewaye mu, duk zubin da ya fito da rawaya sai a yi kabbara. Ruwan randa ya ƙare, masu jinya suka yi layi daga indararo zuwa gado, bokiti yana bin hannu. Da a ce jiya ne abin ya faru, da ban san inda za mu samo ruwan ba. Muka yi ta zubawa muna saukewa har abin da ke fitowa ya zama fari tas.

Na ɗauka mun gama. Malam ya ce a'a, abin da ya riga ya shiga jiki ya shiga. Gaskiyarsa kuwa. Kafin a kira isha Gwaggo ta daina zagi, kuma shirun nan ya fi zagin ban tsoro. Idonta ya lumshe, jikinta ya yi sanyi da gumi, na taɓa wuyan hannunta na ji bugun kamar zare. Na auna jini. Lambar da na yi mako biyu ina roƙon ta sauka ta sauka har ta wuce inda rai ke zama. Lantana ta ɗora hannu a ka.

"A ɗaga ƙafafun gado," in ji Malam.

Babu abin ɗagawa. Mata biyu suka ruga cikin ruwa suka ciro duwatsun murhun gindin dogon yaro, muka tokare gadon da su. Malam ya buɗe kabad ɗinsa da makullin da ke wuyansa, ya fito da ledar ƙarin ruwa guda biyu, su kaɗai suka rage a asibitin, yana ɓoyonsu don mai haihuwar da jini zai ɓalle wa. Jijiya ta ɓace. Ya soka bai samu ba, ya sake bai samu ba. Ina riƙe da hannun, ina karanta duk addu'ar da na sani, a raina ina cewa ni na kashe ta, ni da kununa. A na uku jini ya leƙo cikin allurar. Ya buɗe ruwan gaba ɗaya ya ce in auna ta duk bayan minti goma sha biyar, kada in gaji.

Leda ta farko ta ƙare, lambar ta tsaya, ba ta ƙara faɗuwa ba. Ta biyu ta kai rabi, sai ta ɗan ɗaga. Na sake aunawa don kada kunnena ne ya yaudare ni. Ta ɗaga! Na faɗa da ƙarfi, ɗakin ya sake ɗaukar kabbara, Lantana ta rungume ni muka jiƙa juna da hawaye. Ban bar gefen gadon ba har gari ya waye. Da hasken safiya Gwaggo ta buɗe ido sosai, ta dubi robar da ke hannunta, ta dube ni, ta ce maƙoshinta yana ciwo kuma mu duka marasa kunya ne.

Da safen na sami Malam Labbo na faɗa masa komai: yadda nake jan layi ban ga an haɗiye ba, da yadda ban taɓa tambayar kowa azumi ba. A tsorace na faɗa, don a zamaninmu kuskure irin wannan kora ce, kuma shi ya sa mutane ke binne nasu. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Sauya lokacin da yardata anka yi shi. Laihin namu na mu biyu. Taho mu ga ko ita ɗai ta."

Ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi sallama, ya ce duk wadda ta san tana da magani a ɓoye ta fito da shi, babu faɗa. Aka hau kallon juna. Sai mai ciwon ƙafa ta fara kwance haɓar zanenta. Na bi gado-gado da tire. Wannan daga ƙarƙashin matashi, waccan daga gwangwanin man shafawa, wata daga cikin kallabi. Farare, jajaye, rawaya, tire ya rufe. Gado takwas cikin goma sha biyu azumi suke. Wata ta ce ita ba ta da saura, don maigidanta yana fama da ciwon kai in ya zo dubiya, shi take ba. Malam ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa dariya nake ina share hawaye, ga kunya kamar ƙasa ta tsage.

Tun ranar muka juya aikin. Wadda maganinta zai yiwu sau biyu, muka mayar da shi sahur da shan ruwa. Na daina asham a watan, na koma rabon magani da kofin ruwa a tire, in tsaya a kan mutum sai ya haɗiye. Minti goma ya koma awa guda. Likita ya zo Juma'a ya wanke ni tas a ofis, na tsaya na sha, don na ci a yi mini. Bai kai maganar sama ba. Ya sa Malam ya rubuta sabon tsarin a bayan kwali aka manna a bango, dokar ɗakinmu mu kaɗai, wadda in an yi wa mutum canjin wurin aiki sai ya tarar can ba a san ta ba.

Saura Gwaggo. Jinin da ya faɗi ya fara hawa kuma, zuwa Juma'ar ya kusa komawa inda ya fito. Likita ya ce Birni ba dole ba ne, tunda maganin bai taɓa samun damar yin aikinsa ba. Amma nata ba na sahur da shan ruwa ba ne. Guda ɗaya, sau uku, a kan lokaci, kuma ta riƙa shan ruwa da rana saboda abin da jikinta ya sha. Babu azumi. In ta ƙi, ya ce, kada mu yi mamakin abin da zai biyo baya.

Ranar Asabar ƙarfe biyu na rana, lokacin da likita ya ce a sake fara ba ta maganin, na zo da tire. Zafi ya dawo, wannan karon da laima, ƙasa tana tururi, daga taga ana hango mutane a gonaki suna gyara. Na sa mata ƙwayar a hannu, na miƙa kofi. Ta rufe hannun ta kawar da kai.

"Aje nan, ni sha in an jima."

"A'a, Gwaggo. Gabana za ki sha."

"Rana tsaka? Cikin goman ƙarshe?"

"Allah ya yi ma maras lahiya sauƙi, Gwaggo, kin sani."

"Na sani, malamanmu sun hwaɗi. Sauƙin na maras lahiya na. Ni mi ad da ni? Ina ci, ina tahiya, ku kunka kwantar da ni. Ɗiyata, tun ina budurwa ban taɓa kai ruwa bakina da gangan cikin watan ga ba. Na yi shi cikin noma, na yi shi bakin wutar banda, na yi shi shekarar da munka ci dussa. Yanzu da nike bakin kabari za ki ce in ɓata?"

Da jin haka sai na gane ba taurin kai ba ne, tsoro ne, kuma ya fi tsoron Birni girma. Kowa a ɗakin yana kallonmu. Na san in ta ƙi yau, gobe sauran ma za su ƙi, ita kuma ba ta da wani makon da za ta yi wasa da shi. Na ajiye tire na durƙusa a gaban gadonta, abin da ban taɓa yi wa majinyaci ba.

"Gwaggo, sau ɗaya na kusa kashe ki. Don Allah kar ki bari in ƙarasa."

Ta dube ni. Hawaye ya gangaro ta cikin tsagar fuskarta.

"In an tambaye ni gobe ƙiyama, mi za ni ce?"

"Ki ce Hassi ta, mai ɗakin mata, ita tat tilasta ki."

"Kin ɗauka?"

"Na ɗauka."

Ta ɗaga kai ta dubi ɗakin gado-gado. "Kun ji ta ko? Ku shaida."

"Mun shaida," suka amsa.

Ta yi bisimilla, ta jefa ƙwayar a baki, ta kafa kai a kofin. Ina durƙushe, harshena a bushe kamar ɓawon itace, ina kallon maƙoshinta yana hawa yana sauka har ruwan ya ƙare. Na ce ta buɗe baki in gani. Ta harare ni, ta buɗe, ta ɗaga harshe. Babu komai. Sannan ta miƙo mini kofin.

"Ƙaro mani, ɗiyata," ta ce. "Wallahi ƙishirwa nike ji tun randa nis shigo ɗakin ga."